Lanƙwasa

A Zango, bayan masu facin taya,
inda inuwar bedi ke guduwa tun kafin azahar,
nan rumfata take.
Ba allo a ƙofa. Wanda gitarsa ta yi ciwo ya san hanya.

Direba Nomau ke kawo mini waya, naɗe cikin jarida,
miƙaƙƙiya sambal, ba ta san kowa ba.
Shi kuwa wuyan gita ba shimfiɗa ba ne.
Ɗora tafinka ka ji:
yana da ɗan doro, kamar bayan cokali.
Ka buga ta a miƙe, tsakiya ta zauna,
bakin nan biyu su ɗaga kai
su jira yatsan makaɗi a tsakiyar biki.

Barma da ya koya mini bai taɓa mallakar inji ba.
Tsohon garen keke ya kafa a kututture,
ya kwantar da waya a kai, yana bi da babban yatsa,
taƙi, taƙi, taƙi,
har farcensa ya tsage bai sake haɗewa ba.
Ya ce, icce ne ake tanƙwarawa tun yana ɗanye,
ƙarfe ba shi da ƙuruciya, sai lallashi.
Ya ce, ta ɗara wuyan lanƙwasa kaɗan,
kaɗan dai, kamar gaida suruki:
ka rusuna fiye da yadda ake bukata,
in ka miƙe sai ka zo daidai.
In ka zarce, ta yi ƙusumbi.
In ka yi gaggawa, ta murɗe,
murɗaɗɗiya kuwa sai dai a yi ƙugiyar rataya buta.

Ran Laraba Mutari ya zo,
ɗan marigayi Kanta mai kiɗan Mirya,
da gita cikin buhun shinkafa, tsirkiya huɗu suka rage.
Ya ce, Baba, tana zizar ƙuda. Cire duka, sa sababbi.

Na sa awartaki, na fara daga ƙasa.
Waɗanda ke kusa da ciki lafiya lau,
Kanta bai cika zuwa can ba.
Na biyu, na uku, na biyar
su ne suka sha wuya:
kowanne da ramuka, tsirkiya ta ci su
yadda guga ke cin bakin rijiyar Birni.
Na ce, yaro, kawo hannunka.
Na ɗora yatsunsa a ramukan, ɗaya, ɗaya, ɗaya.
Bai iya kiɗa ba tukuna,
amma hannun ya tsaya a wata siffa
da duk wanda ya yi rawa a Mirya zai gane daga nesa.

Shayi ya tafasa ya zube, ba wanda ya tashi.

Sai da la'asar na yanka goma sha tara,
kowace ’yar baka, ba kibiya.
Na shigar da ƙafarta cikin tsaga,
guduma a wannan baki, guduma a wancan,
sannan tsakiya, a hankali,
har doron ya sauka ya rungumi icce.
Magagari ya bi gefe, garin ƙarfe ya hau gwiwata.
Na rufe ido na shafa:
ba abin da ya kama ni.

Ya biya jaka biyu, saura sai Juma’a.
Tsofaffin ukun na zuba masa a kwalin ashana.
Ya girgiza a kunne, ya sa a aljihun gaba,
ya saɓa gita ya nufi duwatsu.

Sababbin sumul suke, ba su san kowa ba.
Na ce masa ya dawo bayan shekara goma
in ga inda ya ci.